Irin Baba da Dokar Jarka

Mahaifinmu bai bar mana shanu ba, bai bar mana gidan bene ba. Ya bar mana fadama ɗaya wajen Gidan Katta, da tsohuwar rijiya mai faɗin baki a tsakiyarta, da irin albasa. Irin nan da kansa ya ɗauko shi daga Galmi tun yana saurayi, ƙulle a bakin rawaninsa, zamanin da mutum kan tashi daga Illela ya tsallaka iyaka ya shiga Ƙonni ba wanda zai ce masa ina za ka. Albasa ce ja mai duhu, mai tauri, wadda takan daɗe a ajiye ba ta ruɓe ba. Dillalai kan gane ta tun daga bakin buhu, su ce ta gidan Malam ce.

Wanda bai taɓa noman albasa ba, bari in gaya masa: irinta ba ya ajiyuwa. Gero sai ya shekara uku a rumbu ka shuka ya fito. Irin albasa kuwa, da ya zagayo shekara ya fara mutuwa a cikin gora. Dole kowace shekara a zaɓi manyan kawuna a sake binne su, a yi ta ba su ruwa har su yi tsiri su fid da fure, furen ya ɗaura iri, ya bushe, a sussuke. Shekara ɗaya aka yi sake, shi ke nan an rabu. Baba ya kafa mana ƙa'ida guda a kansa: a sayar da albasa, a yi kyauta da albasa, amma iri ba ya barin gida. Mijin ƙanwarmu da ke Ƙonni, manomi ne shi ma, ya sha roƙon ko cikin tafi ɗaya ne. Baba ya hana shi, bayan Baba kuma Yaya ya ci gaba da hana shi.

Yaya shi ne babbanmu, ya girme ni da fiye da shekara goma. Malami ne, a zauren gidanmu yake karantar da magidanta littattafan fiƙihu bayan la'asar. Ni kuwa boko na yi, na koyar a firamare har na yi ritaya, na koma fadama. Shi ruwan sanyi ne, ni kuwa tun ina yaro Inna ke cewa an haife ni da barkono a baki. Ban musa ba.

A shekarar da nake ba da labari, ruwan ƙarshen damina ya yi mana ɓarna. Ya kwanta a kan rainon albasar da muka yafa ya cinye shi ƙurmus, sai dashe muka sayo a kasuwa muka cika gona da shi. Abin da ya rage na irin Baba a duniya kaf shi ne kawunan da muka ware, muka binne su a fangali goma sha biyu kusa da rijiya. Suka yi kyau kuwa. Sun fara fid da furanni farare, ƙudan zuma na ta shawagi a kai, zafi ya fara shigowa, sai aka sanar a rediyo cewa an hana sayar da man fetur a jarka.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. 'Yan bindiga a babura suke zuwa, babur kuwa da mai yake tafiya, man kuma a jarkoki ake kai musu daji. Aka ce a toshe jarka, a ga ta inda za su sha. Gidajen man da aka bari a buɗe aka ce su zuba a tankin abin hawa kawai. 'Yan bumburutu da ke jera kwalabe a bakin titi suka ɓace kamar an share su da tsintsiya. Wanda ya rubuta dokar, Allah ya sani, bai taɓa tsayawa a fadama da hantsi ya ga abin da ke jawo ruwa daga rijiya ba. Injin ban-ruwa ba ya shan koko. Da jarka ake kai masa mai tun ranar da aka ƙera shi.

Ranar da man injina ya ƙare na shiga zaure na tarar da Yaya ya sallami ɗalibai. Ko zama ban yi ba.

Na ce, “Yaya, ka ji abin da anka yi muna? An bar jaki ana dukan taiki. Su waɗanda anka yi dokar dominsu, ka ji an ce babur ɗinsu ya tsaya?”

Ya rufe littafi a hankali. Ya ce, “Zamna tukuna.”

“Ba ni zama. Hure na bisa, kwana ukku babu ruwa ya zube.”

Ya ce, “Na sani. Amma shugabanni sun yi umurni ga abin da ba saɓon Allah ba, biyayya ta zama wajibi. In jarka guda da anka hana ta sa babur guda bai kai wani gari ba, ka san ran da anka tsirar?”

Na san wanda yake nufi. Ɗansa na fari, mai sayar da yadi, watanni kaɗan kafin nan aka tare motarsu a hanyar cin kasuwa. Mutane a kan babura. Ni na je na taho da gawar. Tun daga ranar Yaya bai ƙara ambatar sunansa a gabana ba, ni ma ban ambata ba.

Na sassauta murya na ce ai akwai dabara, kowa ita yake yi. A cika tankin babur a gidan mai, a dawo gida a zura tiyo a tsotso da baki a juye wa inji. Wasu kuma ta bayan gari ake kawo musu a gorar ruwa, a ƙarƙashin harawa.

Ya ce, “Wannan hila ta. Ba a shayar da irin Baba da man da anka ɓoye ƙarƙashin harawa.”

Na fita ina huci. Amma gaskiya ko bai hana ba, raina bai kwanta da dabarar ba. Ni da na shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane tsayawa a layi, in koma tsotson fetur a bayan ɗaki kamar ɓarawon akuya, don in shayar da gonar ubana? Me na sata? Na ce wallahi ba zan ɓuya ba. An ce tanki, ba jarka ba. To injina ma yana da tanki.

Da safe na ari amalanken jaki wurin maƙwabcina, na kwance injin daga bakin rijiya, na ɗora shi na ɗaure da igiya, na kama hanya da rana tsaka-tsaka kowa na gani. Gidan man da ke sayarwa yana kan hanyar Sakkwato, bayan an wuce wani shingen jami'an tsaro. Na shiga layi, mota a gabana, mota a bayana, ni da jaki a tsakiya. Direbobi suka yi ta dariya. Wani ya leƙo ya ce, “Malam, jakin za a cika ma ko amalanken?” Na ce masa, “Shi wanga da harawa shika tahiya, ya hi motarka hankali.” Mai zuba man ya dube ni, ya dubi injin, ya ce ai kuwa tanki ne. Ya cika mini.

Tankin ɗan ƙarami ne, amma yana isar fangali goma sha biyu sha ɗaya mai kyau. Babbar gonar na sallama ta, na ce ta kasuwa ce, in ta mutu a sayo wata. Na yi zuwa na farko lafiya, na yi na biyu lafiya. Har wasu manoma suka fara kwaikwayona, ka ga amalanke biyu uku a layi da injuna a kai. Na fara jin kaina, har ina tsokanar Yaya cewa ga biyayya ga ruwa, wa ya ce ba su haɗuwa. Ya ce Allah ya sa a gama lafiya.

A zuwa na uku aka canja mutanen shingen. Ina dawowa da tanki cike, wani jami'i dogo ya ɗaga mini hannu. Ba ɗan yankinmu ba ne, Hausarsa irin ta rediyo ce. Ya zagaya amalanken, ya buɗe murfin tankin, ya sansana.

Ya ce, “Baba, wannan mai ne.”

Na ce, “Yallaɓai, ai ba kunu nit tahi saye ba.”

“Ba ka ji an hana ɗaukar mai ba?”

“An hana jarka. Wanga jarka ta?”

Ya ce inji ba abin hawa ba ne, duk man da aka ɗauka a kan wani abu aka nufi ƙauye da shi, safara ce. Na ce to a nuna mini inda aka rubuta haka. Ya ce umurni ne daga sama. Na ce na yarda daga sama yake, ruwa ma daga sama yake zuwa amma muna ganinsa a ƙasa. A ba ni takardar in karanta, na iya karatu, da Hausa ko da Turanci. Abin da ya fi ƙona mini rai a zamanin nan ke nan. Doka a rediyo ake jin ta, kowane shinge kuma da tasa fassarar. Abin da ya halatta ranar Talata sai ya haramta ranar Alhamis, don kawai an canja mai tsayuwa a bakin hanya. In ka tambaya a ce maganar tsaro ce, kamar kalmar tsaro murfin tukunya ce da za a kife a kan kowace tambaya.

Na san faɗan da ya fi ƙarfinka wasa ake mai da shi. Na sani sarai, na sha gaya wa wasu. Amma ranar barkonon Inna ya motsa. Na ce masa mu ne ake kashewa a hanya, mu ne kuma ake tarewa a hanya, to a gaya mana wanne ne namu. Mutane suka fara taruwa. Ina ganin taruwar ce ta ɓata lamarin, domin da mu biyu ne, wataƙila da ya kau da kai. Ya sa aka sauke injin aka ajiye shi gindin wata bedi, kusa da tarin jarkokin da suka kama.

Can babbansu ya fito daga rumfa, mutum mai sanyin magana. Ya ba ni benci, har ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce shi ma ɗan manomi ne, ba ya son ya wahalar da dattijo. Ya miƙo mini takarda ya ce in sa hannu, a juye man, in ɗauki injina in tafi, magana ta mutu. Na sa tabarau na karanta. An rubuta cewa an kama ni ina safarar man fetur zuwa ƙauye saɓanin dokar tsaro, na amsa laifina, na yi alkawarin ba zan sake ba.

Na karanta sau biyu. A lokacin nan, a ce wane yana kai mai ƙauye ba ƙaramar magana ba ce. Kowa ya san wa ake nufin yana kai wa. Takarda kuma ba ta mutuwa. Yau tana aljihun tebur a rumfa, gobe wani abu ya faru a wani ƙauye a zo neman sunayen masu safara, ga nawa da sa hannuna. Ni da na wanke gawar ɗan wana, in rubuta da hannuna cewa ina cikin masu shayar da baburan da suka kashe shi.

Amma kuma ga fure can yana jira. Da inji a hannu, ko babu mai, akwai yadda za a yi, ko da tsotson tiyon da na raina ne. Babu inji, babu komai. Har na ɗauki biro. Ba zan yi ƙarya ba, na kusa.

Na ajiye biron na ce, “Yallaɓai, rubuta cewa an kama ni da injin ban-ruwa da mai cikin tankinai, za ni gonar albasa. Wannan in sa hannu sau goma.”

Ya ce takardar haka take, ba shi ya tsara ta ba, ba ya da ikon canja ko harafi.

Na ce, “To ni ma haka nike, ba ni na tsara kaina ba.”

Na kora jaki da amalanke wayam muka koma. Duk hanya ina zagin kaina. Girman kai ya ja na kashe abin da Baba ya raya shekara da shekaru, kuma ga Yaya zai ce dama ya faɗa. Na same shi a zaure na zayyana masa komai ina tsaye, ina jiran wa'azi.

Tambaya ɗaya ya yi mini. “Ka sa hannu?”

Na ce a'a.

Ya gyaɗa kai, ya buɗe littafinsa. Ya ci gaba da karatunsa. Na ɗauka fushi ne.

Washegari da hantsi na tafi fadama, don kawai in ga fangalin da idona kafin su tafi. Tun daga nesa na hango farar riga a bakin rijiya. Yaya ne, ya naɗe hannun riga, ya cire rawani ya rataye a reshe. Ya sa an kawo masa itace biyu masu gwafa da doguwar sanda, yana haƙa rami da kansa. Rabon da in gan shi a fadama tun rasuwar Baba.

Na ce, “Yaya, mi kaka yi?”

Ya ce, “Jigo. Kai boko ta ɗauke ka, ba ka iske shi ba. Da shi Baba yab ba irin ga ruwa shekara ashirin kahin a san inji. Kamo min can.”

Muka kafa gwafannin, muka gitta itace, muka ɗaura sandar a kai. Ya cuɗa laka da ciyawa ya manna a gindinta don nauyi, ya ɗaura guga a ɗaya bakin. Ya ja igiya guga ya nutse, ya saki, lakar ta ɗago shi cike, ya juye a magudana. Ruwan ya bi ƙasa a hankali kamar mai jin kunya. Abin da inji ke yi kafin a gama shan shayi, jigo sai ya wuni bai yi ba.

Mun yi kusan wata guda a haka. Shi ya ja, ni in karkatar da ruwa, in ya gaji mu canja. Ɗalibansa suka so su karɓe shi, ranar da suka samu sarari sukan zo su taimaka, amma kowa da tasa gonar da ke ƙonewa. Tun mako na farko muka gane ba za mu iya da goma sha biyu ba. Muka tsaya muka zaɓa, kamar masu zaɓen wanda za a bari a baya. Na nesa da rijiya muka sallama. Ina kallo furensu ya yi rawaya, ya sunkuya, ya kakkaɓe. Na yi kuka a ranar, ban ɓoye ba, kuma na yi ashar da Yaya ya yi kamar bai ji ba.

Kowace Litinin kuma sai na wanke rigata na tafi shingen nan. In yi sallama, in gaida su da aiki, in ce na zo duba injina, kuma ko takardar dokar ta iso? Su ce ba ta iso ba, amma ga waccan in na shirya. In ce ban shirya ba, a gaida gida. Har suka saba da ni, dogon ma ya koma yi mini sannu da zuwa.

Wata rana muna hutawa a inuwa, Yaya na murza kafaɗarsa ta dama da ta kumbura, na kasa haƙuri. Na ce, “To yanzu ka gani? Har yanzu kana bayan dokar?”

Ya ce, “Ina bayanta. Gobe anka sake ta, ina bayanta.” Ya dubi rijiya. “Amma da ka sa hannu ga takardar ga, da ban sake cin tuwo akushi guda da kai ba. Biyayya anka umurce mu, ba shaidar zur ba. 'Yan bindiga sun ɗauke min ɗa. Ba ni bari a rubuta ƙanena cikinsu, kuma ba ni bari irin Baba shi bi yaron.”

Ranar ce kawai ya ambaci yaron, ya kira sunansa sau ɗaya, ya tashi ya kama igiya.

Fangali biyar suka kai. Muka yanke kawunan, muka shanya a tabarma a tsakar gida, muka sussuke, aka sheƙe. Baƙin iri ƙanana, bai cika gorar Baba ba, ya tsaya wajen rabi. Ni dai a wurina ya fi buhu ɗari.

Daga baya aka sassauta dokar, a rediyo kuma, yadda aka kafa ta. Har yau mutane na gardama a kanta a majalisa, wasu su ce ta rage hari, wasu su ce ta ƙara wa masu fasa-ƙwauri ciniki ne kawai. Ni ban san lissafin daji ba. Na san na fadama, kuma na san ba a tambaye mu ba. Shingen ya tashi, aka kwashe kayan da aka kama zuwa wani ofis. Na bi sawu, aka ce injina na nan, in sa hannu in ɗauka. Takardar dai ita ce. Yana can har yanzu, na ji an ce tsatsa ta cinye shi. Ta ci lafiya.

Ranar da muka zuba irin a gora, Yaya ya ce in kawo ƙyalle. Ya so ya ɗaga gorar da hannun dama, hannun ya ƙi, tun daga jigon nan bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba, ko rawani sai an naɗa masa. Ya karɓa da hagu, ya tsiyaya rabin irin a ƙyallen, ya ce in ƙulle.

Ya ce, “Gobe ka kai Ƙonni, ka ba mijin ƙanwarka.”

Na ce, “Yaya, Baba ya ce iri ba ya barin gida.”

Ya ce, “Baba bai ga shekarar ga ba. In sun hana ruwa nan, shi sha can. In sun hana can, shi sha nan. Kuma ta ƙohwa za ka bi, ba ta bayan gari ba.”

Ta ƙofa na bi, da hantsi, a ƙasa. Jami'in bakin iyaka ya ce me ke cikin ƙullin? Na kwance a tafin hannuna na nuna masa. Na ce irin albasa ne, daga can ubana ya kawo shi, yau zai je ganin gida, in kuma akwai doka a kansa a ba ni takardar in karanta. Ya dubi irin, ya dube ni, ya matsa gefe.